Ƴar tashar talabijin ta bishara da na tarar a kan tudu: wa ya san labarin irinsu?

Ɗan Kagoro
Salama ƴan'uwa, barkanmu da war haka. Makon jiya maigidana ya tura mu duba layin wuta a gindin wani dogon ƙarfen sadarwa, bayan wani ƙaramin gari a yammacin Amurka. Ba zan faɗi garin ba, wurin aikin mutane ne. A gefen ƙarfen akwai wani ɗan ɗaki na bulo, girmansa bai wuce shagon mai caji ba, a bayansa kuma wani ƙaton kwandon satalayit irin na da, faɗinsa zai kai ƙafa 10, duk ya yi tsatsa. Mai filin ya buɗe mana. Ciki akwatin ƙarfe ne guda ɗaya tsaye kamar firij, da fanka, da kashin ɓera. A bango an liƙa takardar lasisi cikin leda: harafin K, lamba biyu, sai haruffa biyu. A lungu akwai tsintsiya da aka ɗaura wa doguwar sanda.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani littafi da na gani a kan akwatin. Hannu ɗaya ne ya cika shi shekara da shekaru: yau wuta ta ɗauke, yau na share kwando, yau hoto ya dawo. Rubutun ƙarshe a 2010 aka yi shi. Mai filin ya ce tashar talabijin ce ta Kirista, wa'azi da waƙoƙi dare da rana, kuma ba a taɓa ɗaukar ma'aikaci ko ɗaya a wurin ba. To tasha ba ma'aikaci, ba kyamara, ba ɗakin shiri? Masana, ku fitar da ni duhu.

Baba Injiniya
Ɗana, ka tuno mini da ƙuruciya. Abin da ka gani ba gidan talabijin ba ne, bakinsa ne kawai. Kwandon nan yana kama shiri daga tauraron ɗan'adam, akwatin ya mayar da shi kan wata lamba ta UHF, wato zangon iska na tashoshi masu manyan lambobi, eriyar da ke saman ƙarfen ta watsa wa garin da ke ƙasa. Shi ke nan. Idan shirin ya daina shigowa, na'urar takan kashe kanta, ya dawo ta tashi. Shi ya sa ba a buƙatar mai zama. Tsintsiyar kuwa ta dusar ƙanƙara ce. In ta taru a cikin kwandon sai hoto ya yi ta tsartuwa har ya ɓace, dole wani ya hau tudu ya share.

Bakatsine
Wato dai tashar ƴan amshin shata ce. Abin da aka faɗa a babban gida shi take maimaitawa. Baba, a gafarce ni, amma wannan har yana da wani tarihi? Lasifikar masallaci ma ai ba a rubuta mata tarihi.

Baba Injiniya
Kai Bakatsine, ba ka canza hali. Jira a gama zuba tuwon tukuna.

Lauyan Gobe
Gaisuwa ga manya. Na ɗan karanci dokar watsa labarai ta Amurka a makaranta, bari in sa baki. Asalin abin ba na addini ba ne ko kaɗan. A farkon shekarun 1950 talabijin ya cika manyan birane, amma garuruwan da ke cikin kwari, tsakanin duwatsu, ko ɗigon hoto ba ya kai musu. Sai mutanen gari suka riƙa haɗa kuɗi, a kafa eriya a kan dutse, a ƙara wa siginar ƙarfi a jefo ta cikin kwari, ba lasisi ba komai. Hukumar FCC, wadda ke raba zangon iska a ƙasar, ta ce haramun ne, ta fara bi tana rufewa. A jihar Kolorado gwamna Edwin Johnson da kansa ya tsaya wa masu waɗannan na'urori a 1956, ya ba su izinin jiha, ya bar hukumar da cizon yatsa. A shekarar ce FCC ta sassauta, ta halatta ƙananan tashoshi masu maimaita shiri, ta ware musu lambobi 70 zuwa 83. A 1960 aka yarda su shiga VHF, zangon tashoshi masu ƙananan lambobi.

Amma a lokacin aikinsu ɗaya ne: su ɗauko shirin wata babbar tasha su maimaita. Sai a 1982 aka buɗe sabon rukuni na tashoshi masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda aka yarda su yi shirin kansu ko su ɗauko daga tauraron ɗan'adam. Ƙarfin na'urar da aka yarda da shi da farko wat 10 ne a VHF, wat 1,000 a UHF. Ku kwatanta da babbar tashar UHF da aka yarda ta watsa har wat miliyan 5. Takardun neman lasisi suka yi wa hukumar ambaliya, dubbai, har aka koma jefa ƙuri'a.

Sunan da Ɗan Kagoro ya gani ma yana da ma'ana. K na nufin yamma da kogin Misisipi, W gabas. Lambar ita ce tashar da za ka murɗa a akwatinka. Haruffa biyun ƙarshe kuwa layi ne kawai, wanda ya riga zuwa ya riga samu.

Maman Tagwaye
Lauya, ka manta da mu ƴan Minesota. Ta farko cikin wannan sabon rukunin a garin Bemidji aka kunna ta, a watan Disamba 1981, tun ma kafin a kammala dokar. Sunanta K26AC, wani mai suna John Boler ya kafa ta. Ita ba ta wa'azi ba ce, ta gari ce.

Lauyan Gobe
Haka ne Mama, na karɓi gyara.

Faston Ƙauye
Salama a gare ku duka. Ni zan ɗora daga inda masu bishara suka shigo. Paul Crouch da matarsa Jan sun fara TBN, gidan talabijin na bishara, a Kalifoniya a 1973, da hayar awoyi a tashar wasu. A 1974 suka sayi tasha mai lamba 40 a yankin Los Anjeles. Kafin shekarun 1970 su ƙare sun hau tauraron ɗan'adam. Daga nan lissafin ya zama mai sauƙi: shirin yana sama, yana sauka a kowane lungu na ƙasar, abin da ya rage shi ne wanda zai tare shi ya miƙa wa mai eriya a rufin gida. Babbar tasha kuɗinta miliyoyi ne. Irin wannan ɗakin da ɗan'uwa ya gani kuwa, kwando ɗaya ne, akwati ɗaya, hayar wuri a jikin ƙarfen wani, da kuɗin wuta. Haka TBN ta tara ɗaruruwansu. Ba ita kaɗai ba. 3ABN ta mabiya ɗariƙar masu kiyaye Asabar, wadda Danny Shelton ya assasa a kudancin jihar Ilinoi a 1984 ta fara watsa shiri a 1986, ita ma da ƙananan tashoshi ta bazu. Daystar ta bi sahu daga baya.

A wasu garuruwan ma ba babbar ƙungiyar ce ke da lasisin ba. Ikilisiya ce ko wasu dattawa biyar suka haɗa baiko suka nema, suka ce mu dai a kawo mana shirin nan garinmu.

Bakatsine
Yauwa Fasto, ka zo inda nake jira. Baiko. Ni abin da na fahimta, kowace irin wannan tasha kwanon bara ce da aka ajiye a kan tudu. A lokacin, sau biyu a shekara TBN takan yi gangamin neman taimako na kwanaki, lambar waya na yawo a ƙasan hoto. Tsohuwa a ƙauye ta aika dala 20, kuɗin ya tafi Kalifoniya. Me ya dawo garin? Ko sanarwar rasuwa ba za a karanta mata a tashar ba. A 2004 jaridar Los Angeles Times ta yi jerin rahotanni kan gidaje da jirgin sama da irin rayuwar shugabannin. A 2007 suka sayi wurin shaƙatawa sukutum a Orlando, mai kwaikwayon Ƙasa Mai Tsarki. Shekara uku bayan haka aka ce babu kuɗin riƙe tashoshin ƙauye. Ni dai lissafin bai shige ni ba.

Faston Ƙauye
Malam, ba zan kare abin da ban yarda da shi ba. Wa'azin shuka iri ka girbi mota ni ma ina yaƙi da shi a kan bagadina, kuma Kiristoci da yawa a Amurka sun soke shi tun Crouch na da rai. Amma kada ka haɗa mai gona da ɗan ƙwadago. Wanda ya hau tudu da tsintsiya cikin sanyi bai ga jirgin sama ba.

Bakatsine
Shi ne ma abin tausayin ai.

Maman Tagwaye
Ku bari in faɗi abin da idona ya gani, don ni aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu. Shekarun baya akwai wata dattijuwa da nake zuwa wurinta, ta haura tamanin, ƙafa ta ƙi, ta daina zuwa sujada. Ba ta da kebul, kuɗin fanshonta ba zai ɗauka ba. Ƴar akwatinta ce mai ƙaton baya, da eriya mai ƙaho biyu da ta naɗe wa takardar alminiyam ta kicin. Tashar wa'azin nan ita ce ke fita mata tas, don ƙarfen yana bayan unguwarsu. Ranar Lahadi sai ta sa in taje mata kai, ta sa rigar fita, ta zauna gaban akwatin da Littafi Mai Tsarki a cinya. In ana waƙa tana bi. In mai wa'azin da ba ta so ya fito sai ta rage murya ta ce wannan ɗan kasuwa ne, a jira na gaba. Don haka Bakatsine, kada ka ɗauka ba su san abin da suke kallo ba. Ta fi ni da kai iya tantancewa.

Ranar da tashar ta mutu ba wanda ya sanar da ita. Ta ɗauka akwatinta ce ta lalace. Kwana uku tana sa ni juya ƙahon nan gabas da yamma.

Ɗan Kagoro
Mama, wannan ya taɓa ni. Wace shekara ce?

Maman Tagwaye
Bayan canjin dijital ne da ɗan lokaci. Tagwayena suna rarrafe a lokacin, da haka nake tunawa.

Baba Injiniya
To ga inda gizo ke saƙar. Ranar 12 ga Yuni 2009 duk manyan tashoshin Amurka suka kashe analog, tsohon tsarin watsa hoto, suka koma dijital. Ƙananan ba a tilasta musu ba a lokacin, aka ce su ci gaba. Kamar gata ne aka yi musu, ashe ramin da za su faɗa ne. Gwamnati ta raba takardun rangwame na dala 40, biyu ga kowane gida, don a sayi ƴar dikodar da ke mayar da dijital ya shiga tsohuwar akwati. Da yawa daga cikin dikodojin nan ba sa barin siginar analog ta wuce. Ka haɗa dikoda, ka samu manyan tashoshi garau, amma ƴar tashar kan tudu ta ɓace maka, alhali tana nan tana aiki. Sai ka cire waya ka mayar kafin ka gan ta. Wace tsohuwa ce za ta riƙa wannan wahalar kullum? Ƙungiyar masu ƙananan tashoshi ta kai ƙara kotu kan wannan a 2008, ba ta yi nasara ba, a 2009 ita kanta ƙungiyar ta rufe.

Masu kallo suka ragu, baiko ya ragu, ga kuma kuɗin sabuwar na'urar dijital yana jira. In tasha ɗaya gare ka, ka iya daurewa. In ɗari biyu ne fa?

Lauyan Gobe
Abin da Baba ya faɗa shi ne kusan abin da TBN ta rubuta wa FCC a 2010 lokacin da ta fara kashe su ɗaya bayan ɗaya: tallafi ya ja baya, kuma ta danganta hakan da canjin dijital. A shekarar ta sanar da kyautar tashoshi har 155 ga wata ƙungiya mai suna MMTC, mai fafutukar ganin tsiraru sun mallaki kafafen watsa labarai. Sai dai akwai tarko a doka. Tun gyaran 1996, duk tashar da ta yi wata 12 a jere ba ta watsa komai ba, lasisinta ya mutu da kansa, ba sai an kai ta gaban kowa ba. Da yawa cikin na kyautar nan a kashe suke, ba a samu mai tayar da su kan lokaci ba, a ƙarshen 2011 aka soke lasisinsu. A 2012 TBN ta sayar da wasu 36 ga kamfanin Regal Media.

Bakatsine
Kyautar akuya ranar da take shure-shuren mutuwa. Allah ya amfana.

Mai Kula da Zaure
Bakatsine, a sassauta harshe. Zauren nan na Musulmi da Kirista ne, kuma hirar tana tafiya lafiya.

Bakatsine
Ranka ya daɗe, na ji. Ba da addinin kowa nake ba, da masu lissafin nake. Fasto ya sani.

Faston Ƙauye
Na sani, ba komai. Mun saba.

Ƴar Damagaram
Sannunku. Ni tambaya gare ni, don ban gane wani wuri ba. In sun ga kebul ya shiga ko'ina, me ya hana su ce a sa ƴar tashar a cikin kebul ɗin garin, ta huta?

Lauyan Gobe
Yaya, dokar 1992 ta tilasta wa kamfanonin kebul ɗaukar manyan tashoshin yankinsu. Ƙananan ba su shiga wannan rabon ba, sai a wasu ƴan yanayi ƙalilan a karkara. Kuma ita babbar TBN ɗin tana cikin kebul da dish tuntuni, kai tsaye daga sama. Wato ƴar tashar ba ta da wani amfani ga mai kebul. Ta mai eriya ce kawai, mai eriya kuma galibi shi ne marar hali.

Akwai ma abin da ya fi wannan. A doka waɗannan tashoshi ƴan haya ne a iska. Ba su da ikon damun babbar tasha, in babba ta dame su kuwa sai haƙuri, in kuma ana son lambarsu sai su tattara. An tashe su daga 70 zuwa 83 a farkon shekarun 1980, aka ba harkar wayar tafi-da-gidanka. Da canjin dijital aka karɓe 52 zuwa 69. Gwanjon zangon iska na 2016 zuwa 2017, wanda ya tara kusan dala biliyan 20, ya cinye 38 zuwa 51. Manyan tashoshin da suka sayar da zangonsu sun kwashi kuɗi, waɗanda aka matsar an nema musu sabon wuri. Ƙananan sai da suka jira aka gama rabo, sannan suka nemi abin da ya rage. Shi ya sa in ka bi takardun tasha ɗaya za ka ga ta canza suna sau uku ko huɗu, don sunan yana ɗauke da lambar. Dokar 1999 ta ba wasu kariya, rukunin da ake kira Class A, amma sharaɗin shi ne kana yin shirin gida aƙalla awa uku a mako. Tashar da ba ta da kyamara ta ina za ta cika wannan?

Bakatsine
To kun dawo kan maganata da kanku. Da ta zama tashar gari da gaske, da doka ta kare ta. Ba ta yi wa garin shiri ko na minti ɗaya ba, shi ya sa ta mutu ba wanda ya yi zanga-zanga. Tarihinta duka takardu ne: an ba da lasisi, an canza lamba, an yi shiru, an soke.

Baba Injiniya
A nan kam rabin gaskiya na hannunka. Ni ma da a ce an tambaye ni, da na ce a ajiye ƴar kyamara ɗaya, ranar Lahadi a ɗauki sujadar cocin garin a sa, ko awa ɗaya. Doka ta ba su dama tun 1982. Mafi yawa ba su yi ba, don sauƙin abin shi ne a kulle ɗaki a tafi. Arha ce ta haife su, kuma ita ce ta hana su yin saiwa.

Amma ka ce tarihinta takardu ne kawai, ban yarda ba. Na yi shekara talatin da wani abu ina kwana da na'urar watsa shiri. Wanda bai taɓa tashi ƙarfe biyun dare don fanka ta tsaya ba, ba zai gane littafin da yaron nan ya gani ba. Ko sunan tashar, a irin waɗannan wurare sau da yawa ba mutum ke faɗa ba. Doka ta yarda na'urar ta riƙa aika sunanta da siginar Mos, irin ta tangaraho, sau ɗaya a awa, ta yadda mai kallo ba ya ji ba ya gani. Tasha ce da ke faɗin sunanta ba mai ji. Mutum ɗaya tak ya san lafiyarta, shi ne mai tsintsiyar.

Ɗan Kagoro
Baba, na tambayi mai filin ko wane ne. Ya ce wani dattijo ne mai gyaran rediyo da talabijin a garin, dattijon ikilisiya ne kuma. Ba a biyan sa. Da motarsa yake hawa, in hanya ta toshe ya ƙarasa da ƙafa. Akwai shafin da ya rubuta cewa ya sayi fis da kuɗinsa, ya sa farashin a gefe, sannan ya ja layi ya soke farashin.

Maman Tagwaye
Allah sarki.

Faston Ƙauye
Wannan ya tuna mini da iyayenmu da rediyo. Kakata a gindin ƴar rediyo take jin Muryar Bishara. A Jos ake haɗa shirin da Hausa, a aika Adis Ababa, daga can babbar tashar da ta fara aiki a 1963 ta watso mana ta gajeren zango. A 1977 gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace tashar. Tashar rediyon ELWA ta Monrobiya, wadda mishan ta SIM ta buɗe a 1954, ita ma yaƙin Laberiya ya cinye ta a 1990. Kakata ba ta san Adis Ababa ba, ta dai san wata rana ta murɗa ba ta samu ba. Bambancin kawai, namu shirin da harshenmu ne, muryoyin mutanenmu ne, ana karanta wasiƙunmu.

Bakatsine
Wannan bambancin ba "kawai" ba ne Fasto, shi ne duka maganar. Kakarka an karanta wasiƙarta.

Faston Ƙauye
Na ba ka wannan.

Ƴar Damagaram
To me ya sa ba mu ga irin waɗannan ƙananan tashoshin addini a Najeriya ba? Ga coci-coci da ƙungiyoyin Musulunci masu kuɗi.

Lauyan Gobe
Dokar da ta kafa NBC, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta Najeriya, a 1992 ta hana ba wa ƙungiyar addini ko jam'iyyar siyasa lasisin watsa shiri. Shi ya sa masu wa'azi na ɓangarorin biyu suke sayen lokaci a gidajen gwamnati da na ƴan kasuwa, ko su hau tauraron ɗan'adam, mai dish ya kama kyauta. Mu mun tsallake matakin ɗaki a kan tudu, kwandon ya sauka kai tsaye a rufin kowa.

Baba Injiniya
Kuma a faɗi gaskiya, ɗakin da ba mai gadi, da na'ura da wayar tagulla a ciki, a bayan gari? Mako nawa kuke ba shi? Ga wuta. Can na'urar tana shekara ba ta huta ba. Nan sai ka ajiye janareto da mai ba shi mai, shi ke nan arhar ta tashi.

Bakatsine
Baba ka ba shi mako? Kai mai kyakkyawan zato ne.

Talaka Bawan Allah
Ina bin ku a ɓoye tun safe. Tambayata, yanzu duk sun mutu ke nan?

Lauyan Gobe
A'a. An fara sa wa ƙananan wa'adin barin analog a 1 ga Satumba 2015, aka ɗage saboda gwanjon, ya koma 13 ga Yuli 2021. Waɗanda suka iya sun koma dijital, iyakar ƙarfinsu kilowat 15 a UHF, kilowat 3 a VHF. Abin mamaki, dijital ɗin da ya kashe na farko shi ya ba waɗanda suka rayu sabuwar sana'a, don lamba ɗaya yanzu tana ɗaukar tashoshi da yawa a cikinta. Kamfanoni irin su HC2 sun saye su da yawa daga 2017, suna ba da haya layi-layi. Sai ka ga wa'azi a layi na farko, tallan tukwane a na biyu, tsofaffin finafinan kaboyi a na uku. Mai wa'azin da a da shi ne mai gida, yanzu ɗan haya ne a gidan ɗan haya.

A jihohi irin Yuta kuma har yau akwai ɗaruruwan masu maimaita manyan tashoshi, ƙananan hukumomi ke riƙe da su da kuɗin haraji. Waɗannan sun rayu don garin ne ke biya, kuma garin ya san nasa ne.

Bakatsine
Lauya, a rubuta wannan layin na ƙarshe da manyan baƙaƙe.

Maman Tagwaye
Kai dai sai ka ci gardama. Ita dattijuwata jikanta ne ya zo daga baya ya haɗa mata dish, tashar wa'azi har guda nawa. Ba ta taɓa sabawa da rimot ɗin ba. Ta ce maɓallan sun yi yawa, kuma waccan in an yi dusa takan ɗan yi yayyafi a hoto ta san ana sanyi a kan tudu, wannan kuwa ko ta fito ko ta ɗauke.

Baba Injiniya
Ɗana na Kagoro, littafin nan yana ina yanzu?

Ɗan Kagoro
Na bar shi inda na same shi Baba, ba nawa ba ne. Mai filin ya ce wata mai zuwa za a rushe ɗakin, kamfanin waya zai sa nasa akwatin a wurin. Kwandon ma wani ya riga ya nema, wai zai yi rumfar kaji da shi.

Baba Injiniya
Ka koma ka roƙe shi. In dattijon na da ƴaƴa a garin ka kai musu, in babu ka kai cocinsu ko ɗakin karatun garin. Kafin ka miƙa, ka ɗauki hoton kowane shafi. Ka ɗauko mini hoton farantin da ke bayan akwatin ƙarfen kuma, inda aka buga sunan kamfani da ƙarfin na'urar. Ina son in ga ko wat 100 ce ko 1,000.

Ɗan Kagoro
To Baba. Ranar Alhamis za mu koma ƙarasa wayar ƙasa, zan tafi da tocila, ɗakin ba fitila.